Me ke turo ruwa sama a cikin burtsatse?

Manomin Kaugama:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu ilimin ƙasa da waɗanda suka san aikin haƙa.

A ƙauyenmu da ke ƙasar Kaugama mun yi karo-karo, mu na gida da 'yan uwanmu masu ci-rani a Legas da Fatakwal, muka kawo masu haƙa burtsatse bayan an gama yankan gero. Ni aka ɗora wa tsayawa a kan aikin, don haka komai a kan idona aka yi. Da farko jan rairayi ya riƙa fitowa, sai farin yashi. A wajen mita 30 shugaban masu haƙar ya ce an kai ruwan farko, kuma daidai zurfin tsohuwar rijiyarmu ta ƙofar masallaci ke nan. Ya ce kada a tsaya nan, wannan ruwan da bazara ja da baya yake yi. Aka ci gaba, sai aka faɗa wani yumɓu mai ruwan toka, mai danƙon tsiya, yana liƙe wa bakin ƙarfen har sai an ciro an kankare. An sha wuya kafin a huda shi. A mita 70 da 'yan kai sai ga yashi mai manyan ƙwayoyi haɗe da 'yar tsakuwa, a nan aka sa bututu mai tsaga-tsaga, aka toshe na sama.

Washegari, bayan an wanke ramin, muka ɗaura ƙusa a bakin igiya muka zura. Ruwa yana tsaye a mita 24. Wato ruwan da aka samo a ƙasan mita 70 ya hau da kansa, babu inji babu komai, har ya wuce na rijiyar masallaci. To me ya turo shi?

Na biyu, ƙanwata tana aure a wani ƙauye wajen Gwaram. Su da aka zo haƙa musu, ba a kai mita 15 ba aka ci karo da dutse, injin ya wuni yana aman farar ƙura, aka tashi babu ko ɗigo. Sai da aka matsa can gefen gari sannan aka samu ɗan abin da famfon tuƙa-tuƙa zai ja. Jiha ɗaya muke, ruwan sama ma sun fi mu samu.

Na uku shi ne ainihin abin da ya kawo ni. Matasanmu suna so a ɗora sola mai ƙarfi a yi noman rani da wannan burtsatsen, dattawa sun ce a'a, na sha ne. Marigayi mahaifina, da yake fataucin shanu, ya sha ba mu labarin wasu famfuna a Borno da ke zubar da ruwa dare da rana ba mai tuƙawa. Matasan sun ce ai irin wancan muka samu, ba ya ƙarewa. Gaskiya ne?

Jikan Mai Dagi (Gumel):

Wa alaikumus salam. Yaya, ni ban yi bokon abin ba, amma haƙar rijiya gadonmu ce. A ƙasar Gumel da Maigatari rijiya mai gaba ashirin ba abin mamaki ba ce, kuma abin da ka gani da inji mu mun san shi da hannu.

Kakana ba ya barin yaro ya huda yumɓun ƙarshe. In an kai gare shi, za ka ga bangon rijiyar ya fara gumi, sautin dagi ya canza, ya koma dum-dum. Daga nan sai babba ya sauka, igiya ɗaure a ƙugunsa, mutum huɗu riƙe da ita a sama, sannan ya kai sara. Akwai rijiyar da kana fasawa ruwa zai tsatso a hankali, akwai wadda kafin a jawo ka ya kai maka ƙirji. Su tsofaffi cewa suke an fasa ido. Kuma kafin kowa ya sauka da safe sai an zura fitila, in ta mutu ba mai shiga ranar sai an yi wa ramin fifita.

Abin da muka taso muka ji shi ne akwai kogi a ƙarƙashin ƙasa, yana gangarawa gabas, wanda ya dace da jijiyarsa ya samu, wanda ya kuskure ya tashi a tutar babu. Na Gwaram kuwa dutse ne, mu ko an kira mu can ba ma zuwa.

Direban Gabas:

Maganar mahaifinka gaskiya ce, Allah ya jiƙansa. Na yi dakon kifi daga Baga shekaru da dama kafin hanya ta lalace. A yankin Monguno na ga irinsu, bututun ƙarfe a tsaye a fili, ruwa na kwarara, gefe ya zama tabki, shanu da raƙuma sun kewaye. Ruwan da ɗumi yake fitowa, da sanyin asuba har tururi yake yi, mu kan yi wanka a nan lokacin hunturu. Amma mutanen wurin sun ce da can ya fi haka ƙarfi nesa ba kusa ba, wasu kuma sun ɗauke sai da inji.

Baba Mai Ritaya (Ringim):

Salamu alaikum. Ɗana na Kaugama, ka yi tambaya mai kyau, kuma na ji daɗi da ka riƙe zurfin kowane abu, don yawancin masu tsayawa a kan irin wannan aiki kuɗin dizal kawai suke lissafawa. Na yi aikin ruwan karkara tun muna tsohuwar jihar Kano, kafin a cire Jigawa a 1991, kuma yawancin shekaruna a kan wannan iyakar da ta raba ka da ƙanwarka na yi su.

Ƙasar Jigawa iri biyu ce a ƙarƙashi. Kudu da yamma, su Gwaram, Birnin Kudu, Dutse, Kazaure, har birnin Kano, a kan tsohon dutse suke zaune, wanda mafi yawansa ya haura shekara miliyan 500. Wannan dutsen ba ya shan ruwa. Ruwa sai dai a ruɓaɓɓen samansa ko a inda ya tsage, shi ya sa za a haƙa nan a rasa, a matsa taku ɗari a samu. Amma in ka nufi arewa maso gabas, dutsen sai ya riƙa nutsewa, yashi da yumɓu suna hawa kansa. Ku a Kaugama, da Malam Madori, Gumel, Hadejia, Birniwa, kuna bakin wani ƙaton kwari ne da ake kira kwarin Chadi, wanda ya shiga Nijar da Chadi da Kamaru. A wurinku abin da ya rufe dutsen bai yi kauri sosai ba. A can tsakiyar Borno sai a yi kilomitoci ana haƙa ba a taɓa shi ba.

Yadda kwarin ya samu kuwa, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage daga inda Binuwai take a yau har cikin Nijar, tsakiya ta zauna. Har teku ta taɓa shigowa ta wannan hanya. Dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka ta jihar Gombe a ƙarƙashin waccan tekun ya kwanta, kuma ana tsintar ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Bayan teku ta janye, koguna suka ci gaba da zuba kaya. In zamanin kogi ne mai ƙarfi sai a samu shimfiɗar yashi, in tabki ya mamaye wurin ruwa ya kwanta sai laka ta zauna. Yashi, laka, yashi, laka. Wannan yumɓun mai ruwan toka da ya wahalar da injinku, gindin wani ruwa ne da ya daɗe a kwance tun babu kowa a wurin.

Jikan Mai Dagi, kakanka ya yi daidai a rabi. Gabas ɗin gaskiya ne, don Kano tana wajen mita 480 a saman teku, tabkin Chadi kuwa wajen 280, ruwan ƙasa ma gangaren yake bi. Amma babu kogi mai rami a ciki. Ruwan yana tsakanin ƙwayoyin yashi ne, yana tsiyaya daga wannan ƙwaya zuwa waccan. A yashin da ke can ƙasa, in ya yi 'yan mitoci a shekara ya yi ƙoƙari. Ka ɗauka mita 2 yake yi, ka ga kilomita 100 sai ya ci shekara 50,000.

Yanzu ga abin da ya turo ruwanku. Ka san farin tiyon nan da magina ke cika wa ruwa su auna daidaiton gini? Duk yadda ka lanƙwasa tsakiyarsa ƙasa, ruwan baki biyun a layi ɗaya yake tsayawa, in kuma ka sauke baki ɗaya ƙasa da ɗayan sai ya yi ta zuba. Yashinku na mita 70 shi ne tiyon, yumɓun sama da abin da ke ƙasa su ne jikinsa. Wancan bakin yana wani wuri da ya fi ku tudu, inda yashin ya kusanto sarari yana shan ruwan sama ko na kogi. Ruwan da ke ƙarƙashinku a matse yake, yana neman kaiwa tsayin inda ya shiga, yumɓu ya danne shi. Da kuka huda, sai ya hau ya tsaya inda ƙarfinsa ya ƙare, mita 24. A Borno ƙasa ta fi gangarewa, tsayin da ruwan ke nema ya wuce doron ƙasa, shi ya sa yake fita da kansa.

A wajen Maiduguri hawa uku ne aka sani. Akwai na sama da rijiyoyi ke sha, akwai na tsakiya a wajen mita 300 da wani abu, ƙarƙashin yumɓu mai kaurin gaske, akwai na ƙasa da ya wuce mita 500. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 aka yi ta huda na tsakiyar saboda makiyaya. Ɗumin da Direba ya ji ba wani abu ba ne, zafin ƙasa ne, kowane kilomita ɗaya da ka nutsa yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Ruwan Wikki na Yankari ma, mai digiri 31, daga zurfi ya ɗebo nasa.

Kuskuren da aka yi a can, kuma ina faɗa da ɗaci don na gani, shi ne an bar da yawa ba marufi. Shekara da shekaru suna zuba a rairayi. Matsin ya yi ta sauka, waɗanda ke feshi suka koma tsiyaya, wasu suka yi shiru. Da aka auna shekarun ruwan hawan tsakiyar, sai aka tarar ya kai kusan 20,000, kuma ya shiga ƙasa ne a zamanin da yankin ya fi yanzu sanyi. Daminar bana ba ta kai masa. Don haka ku gaya wa matasanku, wanda suke misali da shi ma ya ragu.

Akwai wani matsin na dabam da ba na tudu ba, na ambata don kada wani ya haɗa su. In laka tana taruwa da sauri, sabuwa na danne tsohuwa, ruwan cikinta bai samu hanyar fita ba, to shi ke ɗaukar nauyin duk abin da ke kansa. Haka abin yake a ƙarƙashin Neja Delta, kuma shi ya sa masu haƙar mai suke cika rami da laka mai nauyi da gangan, in ba haka ba rijiyar ta yi musu aman da ba za su iya tarewa ba. Wannan sai a zurfin kilomitoci. Naku bai kai nan ba.

Malama 'Yar Hadejia:

Baba, Allah ya ƙara lafiya, mun ƙaru. Amma ina da ja a wuri biyu. Shekara 20,000 ɗin nan, wa ya ƙirga? Ruwa ai ruwa ne, ba ya furfura. Ina koyar da yara a sakandare, in na faɗa musu wannan tambayar da za su yi mini ke nan.

Sannan mu a Hadejia matsalarmu yawan ruwa ce. Kusan kowace shekara sai ambaliya ta ci gonaki a Auyo da Kafin Hausa da Guri. A fadama yara da hannu suke huda ƙasa su sa bututu, ba a kai mita 10 ba an samu ruwan da inji zai wuni yana ja. Kaugama ba ta da nisa da mu. Ta yaya za a ce musu su yi tsimi?

Baba Mai Ritaya (Ringim):

Malama, amin, na gode. Ja irin naki shi ke sa a yi bayani.

Ruwan sama in zai shiga ƙasa yana ratsa inda saiwoyi suke, ya ɗebi iskar da ke wurin. A cikin iskar akwai wani nau'in sinadarin kabon da ke raguwa da kansa a kan ƙa'ida, duk shekara 5,730 rabinsa ya tafi. Da zarar ruwan ya shige ƙarƙashin yumɓu ya rabu da iska, ba a ƙara masa sabo. Sai a ɗebo a auna abin da ya saura. Ba a samun ranar haihuwa, ana yin gyare-gyare saboda abin da ruwan ya narkar a hanya, amma bambanta ruwan shekara 50 da na 20,000 ba ya wuya. Da irin wannan awon aka san shekarun kwalekwalen Dufuna, wanda wani Bafulatani ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a jihar Yobe ta yanzu, a zurfin wajen mita 5. Ya haura shekara 8,000. Ki gaya wa yaranki wannan, za su fi riƙe shi. A wancan zamanin tabkin Chadi ya kai girman murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka, kuma gaɓarsa tana nan har yau, dogon tudun yashin da ya bi ta Bama da Maiduguri ya nufi wajen Gashuwa. Kafin wannan kuma an yi zamanin fari mai tsanani da iska ta tara tuddan rairayin da kuke noma gero da riɗi a kai. Ƙasar nan ta jiƙe ta bushe ba sau ɗaya ba, kuma kowane hawa na ruwa da zamanin da ya cika shi.

Maganar fadama kuwa, ruwan da kike faɗa gaskiya ne, amma na sama ne, kogi ke ciyar da shi. Ambaliyar da ke cin gonaki ita ce kuma ke cika shi, daga Hadejia har Nguru. Shi ya sa da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ga kuma farin 1973 da na 1984, yadda ruwa ke malala a fadamun ya canza, rijiyoyin wasu garuruwa suka ji a jikinsu. Kuma ki lura, kina barin bakin kogi kina yin arewa, rijiya tana ƙara zurfi. Daga mita 5 a fadama zuwa gaba ashirin ɗin da Jikan Mai Dagi ya faɗa. Wannan shi ke nuna miki daga kogin ruwan ke tafiya, ba gare shi yake zuwa ba.

Na Kaugama yana bakin kwari, kuma mita 70 ba zurfin Borno ba ne. Zai yiwu yashinsu yana samun ƙari daga wani wuri kusa, zai yiwu kuma ɗan aljihu ne da yumɓu ya kewaye, irin wanda zai ba ka ruwa da ƙarfi shekara biyu sannan ya fara ja. Na ga iri biyun a ƙauyuka maƙwabta. Tsayin da ruwa ya hau ba ya gaya maka yawansa, matsinsa kawai yake gaya maka. Abin da ke raba gardama shi ne gwaji: a sa inji ya ja na awa 24 ba tsayawa ana auna yadda ruwan ke sauka, a kashe, a auna yadda yake dawowa. In ya dawo wurinsa da wuri, madalla. In ya dawo ya tsaya ƙasa da inda yake, to dattawa sun fi ku gaskiya. 'Yan kwangila ba sa son wannan gwajin don yana cin mai, sai su tayar da inji na minti talatin, a ɗauki hoto ruwa na feshi, a watse.

Ni dai ra'ayina, in kuna da fili a fadama ko za ku iya aro, ku kai noman rani can, inda kowace damina ke mayar da abin da aka ɗiba. Wannan ku bar wa tulu da dabbobi har sai kun san halinsa.

Manomin Kaugama:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na karanta wa 'yan kwamiti jiya bayan isha'i. Ba a gama daidaitawa ba, matasa sun ce fadamar da za mu iya samu tana da nisa kuma ciyawar kachalla ta cinye rabinta, amma an yarda ba za a sayi babbar sola ba sai an yi gwajin. Na kira mai haƙar in karɓi takardar da ta nuna abin da aka ratsa a kowane zurfi, ya ce ai duk yana kansa. Na zauna na rubuta abin da na tuna a littafin kwamiti. Kafin mu tara kuɗin gwaji, akwai abin da za mu iya yi da kanmu?

Baba Mai Ritaya (Ringim):

Akwai. Ku yi alama da fenti a bakin bututun, kullum daga nan za a riƙa auna. A samu igiyar da ba ta miƙewa, wayar lantarki ta fi, a yi mata alama kowace mita, a wanke ta kafin a zura. Mutum ɗaya zai riƙa yi, duk ranar Juma'a da asuba kafin mata su fara ɗiba, ya rubuta kwanan wata da zurfi. Rijiyar masallaci ma a auna ta a ranar, a shafi ɗaya. In damina ta sauka kuka ga biyun sun hau tare, yumɓunku yana da kafa a wani wuri kusa. In ta masallaci ta hau wannan bai motsa ba, ba ruwa ɗaya suke sha ba. Ka turo mini lambobin watan Mayu da na Oktoba in gani.